Jagorar Koyon Azancin Turanci da Iya Ajiye Kalma a Muhallinta

Bahaushe yana cin tuwo, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin kasuwa, yana cin jarrabawa, in Allah ya nufa har sarauta yana ci. A duk jerin nan tuwo ne kaɗai ke bi ta maƙogwaro. Haka sha: a sha ruwa, a sha iska, a sha wahala, a sha kaye, a sha alwashi, in rai ya ɓaci a sha kunu. Babu malamin da ya zaunar da mu ya koya mana waɗannan, a bakin iyaye da abokan wasa muka tsince su. Amma baƙon da ke koyon Hausa, ranar da aka ce masa maigida ya sha kunu, karin kumallo zai ɗauka ake nufi.

To, halin da mai koyon Turanci yake ciki ke nan. Ya san *kick*, ya san *bucket*, aka haɗa su sai ga mutuwa. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira *idiom*, wato kalmomin da in suka haɗu suke ba da ma'anar da babu ita a cikin ko ɗayansu. A nan azancin magana zan riƙa ce masa.

Duk matakan da ke tafe a kan abu ɗaya suka ginu: kunnenka ya san azanci da yawa, bakinka ya yi amfani da kaɗan. Wanda ba ya gane azanci zai riƙa ɓata a hira da jarida da jarrabawa. Wanda kuma yake cusa shi a kowace jimla don a ce ya iya Turanci, shi ya fi saurin kwasar kunya, domin azancin da aka ajiye ba a muhallinsa ba ya fi kuskuren nahawu fitowa fili.

Mataki na ɗaya: san abin da za ka fara da shi

Yawancin masu koyo daga ƙarshe suke farowa. Mutum zai sauko da dogon jeri daga intanet, na farko a ciki *it's raining cats and dogs*, ya haddace, ya zauna jiran damina. Alhali da wuya ka ji ɗan Ingila na yau ya faɗi haka. *It's pouring* zai ce, ya buɗe lemarsa ya wuce.

Abin da ake buƙata yau da kullum iri biyu ne, kuma duk ba su da ƙyalƙyali.

Na farko shi ne aikatau mai ɗan rakiya, wanda littattafan nahawu ke kira *phrasal verb*. Ɗauki *put* kawai. *Put off* ɗage abu ne zuwa wani lokaci. *Put out* kashe wuta. *Put on* sa tufafi. *Put up with* haƙuri da abin da ba ka so. *Put someone up* ba baƙo masauki. Ɗan rakiya ya canza, ma'ana ta yi tsalle. Haka *look*: *look after* kulawa, *look into* bincike, *look down on* raini, *look up to* girmamawa. Waɗannan su ne "ci" da "sha" na Turanci. In ka bi aikatau irin su *get*, *take*, *put*, *give*, *come*, *go*, *turn* da *break* ɗaya bayan ɗaya, ka ga 'yan rakiyar kowanne, ka ci rabin yaƙin.

Na biyu su ne kalmomin da suka saba tafiya tare, *collocation* a bakin malamai. Ana cewa *make a mistake*, ba *do a mistake* ba. *Heavy rain*, ba *strong rain* ba. *Take medicine*, duk da mu sha muke yi. *Pay attention*, *commit a crime*, *catch a cold*. Kada ka wahalar da kanka neman dalili. Mu ma yanke hukunci muke yi, ba mu sare shi, kuma ba wanda zai iya gaya maka me ya sa.

Sai a na uku masu ado suke zuwa, irin su *spill the beans* da *beat around the bush* da karin maganar Turawa. Su ma za ka koya, amma kada su zama su ne tuwon, miya ce.

Mataki na biyu: samo su daga bakin masu su

Jerin da wani ya tattara ba zai gaya maka wanne ne ke da rai, wanne ne ya tsufa ba. Abin da ka ji ana faɗi ko ka gani a rubuce, shi ne ka tabbata ana amfani da shi.

BBC Learning English na da ɗan gajeren shiri mai suna The English We Speak, kowace fitowa azanci ɗaya take ɗauka cikin 'yan mintuna. Sashen koyar da Turanci na Muryar Amurka ya yi shekaru yana gabatar da irinsa a baya, Words and Their Stories, na salon Amurkawa. Sharhin ƙwallon Firimiya da matasanmu ke kwana a kansa cike yake da azanci: *against the run of play*, *park the bus*, *a game of two halves*. Mai kallon ƙwallo da ya buɗe kunne yana cikin aji bai sani ba.

Akwai wata dabara da mai jin Hausa yake da ita a araha. Ka karanta labari a BBC Hausa, sannan ka nemi labarin nan a shafin BBC na Turanci. Ko ka haɗa Aminiya da Daily Trust, tunda gida ɗaya ke fitar da su. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, idan ka ci karo da *the talks broke down* ba sai an gaya maka tattaunawar ta watse ba.

Kada ka yi haɗama. Azanci biyu ko uku a rana sun isa. Kuma in ka ga ɗaya sau ɗaya tak, kana iya ƙyale shi. Wanda ya sake dawowa a wani wuri, shi ne ya cancanci biro da takarda.

Mataki na uku: koyi karanta ƙamus, ba leƙa shi ba

Ƙamus na masu koyo daban yake da ƙamus na masu harshe. Wanda ya fi yawo a makarantunmu, Oxford Advanced Learner's Dictionary, aikin A. S. Hornby ne, malamin da ya koyar da Turanci a Japan. Can aka fara buga shi a 1942, kuma sunansa na farko ma da kalmar *idiomatic* ya fara, kafin Oxford ta fitar da shi a 1948. Wato tun asali don matsalar da muke magana a kai aka yi shi. Na Longman kuma yana bayanin kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi wajen 2,000 kawai. Su biyun da na Cambridge duk ana samun su kyauta a intanet.

Yawanci ana ajiye azanci ƙarƙashin babbar kalmar farko da ke cikinsa, can ƙasan bayanin. In ba ka gan shi a nan ba, duba kalma ta gaba. Idan ka same shi, kada ka tsaya a ma'ana. Abubuwa uku za ka duba.

Duba tambarin da aka manna masa. *Formal* na takardar hukuma ne da taro. *Informal* na hira. *Slang* na tsakanin abokai. *Old-fashioned* ya tsufa. *Disapproving* akwai suka a cikinsa. *Humorous* na raha ne. *Offensive* kuwa ka san shi don ka gane in an zage ka, ba don ka faɗa ba. Wannan ɗan tambarin da mutane ke tsallakewa ya fi ma'anar kanta ceton mutunci.

Duba *sb* da *sth*, wato mutum da abu. Su ke nuna maka inda za ka sa wanda ake magana a kansa. *Take sb for a ride* mutum ake yaudara, ba abu ba.

Sai ka karanta jimlolin misali duka, da ƙarfi in kana kai kaɗai.

Mataki na huɗu: buɗe littafi, kowane azanci da shafinsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba shafi biyu, Turanci a hagu, ma'ana a dama. Bayan mako biyu mutum ya san ma'anar amma ba ya iya gina jimla. Ga yadda shafi mai amfani yake, mu ɗauki *get cold feet*:

- Jimlar da ka same shi a ciki, yadda take: *The buyer got cold feet and the deal collapsed.*
- Ma'anarsa da Hausarka: jikinsa ya yi sanyi, ya ja da baya bayan har ya amince.
- Inda ake faɗinsa: hira da jarida, ba takardar yarjejeniya ba.
- Siffarsa: da *get* ko *have* yake tafiya. Kullum *feet*, ba *foot* ba, ba *legs* ba, kuma ba a sa masa *the*.
- Jimlarka ta kanka: *My cousin wanted a shop in Kantin Kwari, but he got cold feet when he heard the rent.*

Layin ƙarshen nan shi ne ran shafin. Jimlar ta kasance a kan mutanenka da unguwarka da abin da ya dame ka. Abin da ka ɗaura wa ɗan'uwanka da kuɗin hayar shago ba ya ɓacewa kamar abin da aka ɗaura wa wani John da ba ka sani ba.

In ka ga dama ka ƙara layin asali, don wani lokaci yana taimaka wa hadda. Da yawa daga wasanni suka fito: *touch base* da *ballpark figure* daga ƙwallon sandar Amurkawa, *a sticky wicket* daga wasan kurket na Ingila. *All hands on deck* daga jirgin ruwa. *The writing on the wall* da *by the skin of my teeth* daga Baibul. *Sour grapes* da *cry wolf* daga tatsuniyoyin Aesop na tsohuwar Girka. Sai dai ka yi hattara, labaran asali da ke yawo a Facebook da WhatsApp da yawansu ƙagaggu ne. In ba ƙamus ne ya faɗa ba, ka ɗauke shi tatsuniya.

Mataki na biyar: nemo takwaransa a Hausa, amma kada ka fassara

A nan daɗin yake, a nan kuma ramin yake.

Sau da yawa abin da Bature ya faɗa da nasa hoton, mun riga mun faɗe shi da namu. *A bird in the hand is worth two in the bush*, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. *Between the devil and the deep blue sea*, gaba kura baya siyaki. *Out of the frying pan into the fire*, an gudu ba a tsira ba. *The pot calling the kettle black*, gwano ba ya jin warin jikinsa. *By the skin of my teeth*, da ƙyar da jiɓin goshi. *Spill the beans*, fasa ƙwai. Duk lokacin da ka samu irin wannan haɗin, rubuta shi. Ba ma'ana kawai ka samu ba, ka samu lokacin da ake faɗinsa, domin ka riga ka san lokacin da Bahaushe ke faɗin nasa.

Ramin shi ne inda kalmomin suka yi kama amma ma'ana ta raba hanya. Jan ƙafa a wurinmu jinkiri ne da gangan. Sai mutum ya ga *pull someone's leg* ya ce ai ga shi nan. Ina! Wannan zolaya ce. Jan ƙafarmu *drag your feet* ne. Baƙin jini a wurinmu rashin karɓuwa ne wurin jama'a, amma *bad blood* gaba ce tsakanin mutum biyu. Mai dogon hannu ɓarawo ne, in ka ce *he has a long hand* ba wanda zai gane, *light-fingered* suke cewa. Taurin kai *stubborn* ne. *Hard-headed* a Ingila yabo ne ga wanda ba ya bari tausayi ya rufe masa ido a harka.

Haka kalmomin da Hausa ta haɗe, Turanci ya raba. "Ji" ɗaya gare mu: mu ji magana, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji Larabci. Su kuwa huɗu ne, *hear*, *smell*, *feel*, *understand*. Daga nan *I am hearing a smell* ke fitowa. "Ara mini biro" shi ke haifar da *borrow me your pen*, alhali mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa ne ke *borrow*. Sai "ina zuwa". Mutum ya miƙe zai fita ya ce *I'm coming*, Bature ya bi shi da kallo yana mamakin mai zuwa da ke tafiya. *I'll be right back* ake cewa.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci suna da nasu ramin na daban. *Actually* "a gaskiya" ne, ba "a yanzu" ba kamar *actuellement*. *Eventually* "daga ƙarshe" ne, ba "mai yiwuwa" ba. *Library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. Mafi haɗari shi ne *demand*: *demander* roƙo ne ko tambaya, amma *I demand* a Turanci buga tebur ne.

Mataki na shida: kada ka taɓa siffarsa

Azanci dunƙulalle ne, ba a cire masa, ba a ƙara masa. In wani ya ce "ƙwai a baki ya fi zakara a keji", ka gane nufinsa, amma ka san ba a nan ya tashi ba.

A Najeriya akwai da yawa da suka sauya kama a hanya, har muka saba da su. Muna cewa *birds of the same feather*, na asali *birds of a feather*. Muna cewa *cut your coat according to your size*, na asali *according to your cloth*, kuma shi ya fi ma'ana, don yadin da ke hannunka ne ke yanke maka hukunci, daidai ruwa daidai tsaki. *More grease to your elbow* asalinsa *more power to your elbow*. *Bite more than you can chew* ya yar da *off* a hanya, *bite off* ne. *Half bread* kuma *half a loaf* ne. *A beggar has no choice* shi ne *beggars can't be choosers*.

Kada a ɗauka ina cewa Turancin Najeriya laifi ne. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shari'a da soyayya da shi ba ya neman izinin kowa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganun Najeriya 29, ciki har da *okada*, *next tomorrow*, *ember months* da *Kannywood*. Abin da ake so shi ne ka san wanne ne na gida, wanne ne na ko'ina. A kasuwar Sabon Gari ka faɗi na gida. A takardar neman gurbin karatu a waje, ko gaban mai makin jarrabawa, ka faɗi na ko'ina.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Rubuta maganar a Google tsakanin alamun zance biyu, ka duba shafukan da suka fito. In duk na Najeriya da Ghana ne, ka gane ɗan gida ne. Shafin YouGlish kuma yana nemo maka bidiyoyin YouTube inda aka furta maganar, ka ji ta a bakin mutane daban-daban.

Mataki na bakwai: wa kake yi wa magana, kuma a ina?

A ce mahaifin abokin aikinka ya rasu, za ka tura masa saƙo. Ka koyi *kick the bucket* jiya, ƙamus ya ce ma'anarsa mutuwa, hannunka na ƙaiƙayi. Tsaya. Wannan daidai yake da ka shiga zaman makoki ka ce "na ji tsoho ya sheƙa barzahu". Ma'ana daidai, mutunci ya zube. Abin da ya yi daidai da "Allah ya yi masa rasuwa" shi ne *passed away*, ta'aziyyar kuma *I'm so sorry for your loss*. Ka ga amfanin tambarin nan na mataki na uku.

Saboda haka kafin azanci ya fita bakinka, ka tabbata ka taɓa jin wani ya faɗe shi a irin wurin da kake, ga irin mutumin da ke gabanka. In ba ka taɓa ji ba, faɗi maganarka a miƙe. Ba a taɓa raina mutum don ya ce *he died last night* ba.

Turancin ma ba ɗaya ba ne. A majalisar Ingila, da tamu da ta gaji salonta, *table a motion* gabatar da ƙuduri ne. A Amurka jingine shi ne gefe. *First floor* a Landan hawa na farko ne bayan ka hau bene, a New York ƙasa ne. *Pants* a Amurka wando ne, a Ingila kamfai. Ɗan bautar ƙasa da ya ce *I passed out last year* yana nufin ya kammala, salon faretin sojan Ingila, amma Ba'amurke sumewa zai ji. Zaɓi ɗaya ka riƙe a rubutunka. Ga ɗan Najeriya, Turancin Ingila ya fi sauƙi, da shi makarantunmu ke aiki.

Sai kuma kawaicin 'yan Ingila, wanda Bahaushe bai kamata ya sha wuyar ganewa ba, tunda mu ma muna cewa "ba laifi" alhali da laifin. In suka ce aikinka *quite good*, sau da yawa "da dama-dama" ake nufi. *With the greatest respect* share fage ne na musu. *I hear what you say* ba amincewa ba ce, ya ji ne kawai.

Mataki na takwas: auna kalma ɗaya-ɗaya

Kalmomi biyu kan nuna abu ɗaya, ɗaya ta yaba ɗaya ta soka. *Famous* shahararre ne, *notorious* wanda ya yi ƙaurin suna. *Thrifty* mai tattali, *stingy* marowaci. *Slim* yabo, *skinny* ramewa. *Confident* mai yarda da kansa, *arrogant* mai girman kai. *Affordable* mai sauƙin kuɗi, *cheap* kuwa yana iya ɗaukar ma'anar ƙaramin abu marar inganci. Shi ya sa ɗauko kalma daga jerin masu kama da juna ba tare da an koma ƙamus ba yake jefa mutane cikin rigima. Kuma "kai, ka yi ƙiba!" da muke gaya wa wanda ya dawo daga tafiya, alamar ya samu hutu, kada ka kai wa Bature ita ko da wane irin Turanci.

Masu rubutu a kafafen sada zumunta su ƙara kula da wannan. Wanda 'yan sanda suka kama *suspect* ne, wanda ake zargi, ba *criminal* ba sai kotu ta tabbatar. *He said* ya ce ne kawai. *He claimed* ya yi iƙirari, ka nuna kana shakka. *He admitted* ya amsa, ka nuna da ma akwai abin ɓoyewa. Kalma ɗaya ta mayar da kai daga mai ba da labari zuwa alƙali.

Ga saƙon da ake yawan turawa ofis: *I want you to send me my result. Do the needful and revert.* Mai shi ba rashin kunya yake nufi ba. A Hausa ladabin yana cikin gaisuwa da "don Allah" da "ranka ya daɗe", sai ya zubar da su wajen juyawa, umarni tsirara ya rage. Turanci kuwa a cikin ginin jimlar yake ɓoye ladabinsa, yana mayar da buƙata tambaya: *Could you please send me my result? I look forward to hearing from you.* Lura, *to hearing* ne, ba *to hear* ba. *Revert* da ma'anar ba da amsa a Najeriya da Indiya aka san shi, a Ingila komawa halin da ne.

Ƙananan abubuwa biyu da ke tona asiri. Akwai sunayen da ba a jam'inta su: *advice*, *information*, *equipment*, *furniture*, *luggage*. Ƙamus na sa musu harafin U. Sai 'yan ƙananan kalmomin haɗi: *congratulate on*, *good at*, *married to*, sannan *discuss* ba ya ɗaukar *about*. Su ma tare da kalmarsu ake haddace su, ba a ware ba.

Mataki na tara: bita da gwaji

Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa jim kaɗan bayan koyo take faruwa, sannan ta riƙa raguwa. Wanda ya yi tilawa a makarantar allo ya san wannan ba sai an kawo masa Bajamushe ba. Don haka duba shafin yau gobe, ka sake bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Rufe Turancin, ka kalli Hausar, ka gina jimla da ka. Manhajar Anki tana tsara maka wannan jadawalin in ka fi son waya.

Daga cikin abin da ka tara a mako, zaɓi biyu kacal ka yi amfani da su a hira ko saƙo, wurin wanda ya fi ka Turanci kuma ba zai ji nauyin gyara maka ba. Sauran su zauna a kunne. In kuma wani ya faɗi wanda ba ka sani ba, kada ka gyaɗa kai. *Sorry, what do you mean by that?* Su kansu Turawa suna tambayar juna haka in ɗan Amurka ya haɗu da ɗan Scotland.

Ga masu shirin JAMB da WAEC da NECO, akwai tambayoyin da ake ba da jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Zaɓin da ya ɗauki kalmomin a zahirinsu kusan kullum tarko ne: in jimlar ta ce *the manager was given the sack*, duk amsar da ta ambaci buhu ka tsallake ta, kora ake nufi. Sannan ka duba ko jimlar yabo take ko suka, wannan kaɗai kan zubar da zaɓi biyu. A insha'i kuwa, azanci ɗaya ko biyu da ka tabbatar da siffarsu sun wadatar, wasiƙar hukuma ma ba ta buƙatar ko ɗaya. Haka a IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci ta masu neman karatu ko aiki a waje: a ɓangaren magana ana ba da maki ga azancin da ya zauna daidai, amma a rubutun ilimi gara ka zuba ƙarfinka a kan kalmomin nan masu tafiya tare na mataki na ɗaya.